Bareyin Kaibab: an hana farauta don a cece su, yunwa ta zo ta kwashe su

A watan Disamba na 1924 wani mutumi mai suna George McCormick ya tara mutane sama da ɗari, wasu a kan dawakai wasu a ƙasa, da yawansu ƴan ƙabilar Nabaho ne da aka ɗauko haya, aka raba musu ƙararrawar shanu, wai zasu koro bareyi dubbai daga tudun Kaibab da ke Amurka su gangara dasu cikin ramin Grand Canyon su tsallake kogin Kolorado su haura ɗaya ɓangaren, kamar dai yadda ake kora garken shanu. Har masu ɗaukar fim sun zo da kayan aikinsu. To barewa dai ba saniya bace. Mutane suka ja layi suna ihu suna kaɗa ƙararrawa, bareyin nan suka riƙa ratsawa ta tsakaninsu suna komawa baya abinsu, ga guguwar dusar ƙanƙara ta taso layin ya watse, a ƙarshe ko ƙwaya ɗaya ba'a tsallakar ba.

Abun dariya ne in ka ji shi haka, amma mutanen nan ba mahaukata bane, har gwamnan jihar Arizona ya amince da shirin. Tura ce ta kai bango. Bareyi sun yi yawan da suka cinye dajin tas, suna mutuwa da yunwa a gaban idon kowa, kuma an kasa daidaitawa kan a harbe su.

Bari mu fara da wurin kansa don shine rabin labarin. Kaibab wani tudu ne mai faɗi a arewacin Arizona a Amurka, samansa ya kai kusan mita 2,800. Ta kudu ramin Grand Canyon ne ya tare shi, ta yamma kwazazzabon Kanab, gabas da arewa kuma busasshiyar ƙasa ce mai kama da hamada, don haka dabbar da ke wurin kamar tana kan tsibiri ne, in abinci ya ƙare ba inda zata nufa. Barewar wurin ita ce wadda suke cewa mai kunnen alfadari saboda girman kunnuwanta, ta fi irin barewar da muka sani girma nesa ba kusa ba, kuma namijin ne kawai ke da ƙaho, ƙahon ma mai rassa ne kamar reshen itace, duk shekara sai ya faɗi wani sabo ya fito. Lokacin zafi suna can sama cikin dogayen itatuwa da fadamun ciyawa, abinci ko ta ina. Da sanyi ya shigo dusar ƙanƙara ta rufe saman sai su gangaro gefen tudun, yawanci ta yamma, su yi watanni a wani ɗan yanki da bai kai girman na sama ba, suna cin ganye da tohon ƙananan itatuwa irin su kilifroz da sejburosh da junifa. Riƙe wannan a ranka, saboda wurin zaman sanyin nan shine ƙofar da kowace barewa sai ta bi ta ciki kafin ta ga wata shekarar.

Tun kafin turawa su zo ƴan ƙabilar Payut suna farauta a wurin, sunan Kaibab ɗin ma daga yarensu yake, ma'anarsa dutsen da ya kwanta. Turawan da suka fara zama a yankin kuma Dutsen Fatar Barewa suke ce masa. A shekarun 1880 aka cika wurin da dabbobin kiwo, ana kiyasta tumaki sun kai 200,000 shanu kuma 20,000, suka tattake wurin suka aske ciyawar. Zuwa farkon ƙarni na 20 bareyin da suka rage ana kiyasta basu wuce 4,000 ba.

Sai shugaba Theodore Roosevelt, wanda shi kansa riƙaƙƙen mafarauci ne, ya sa hannu a watan Nuwamba na 1906 aka maida wurin gandun kare namun daji. Aka hana farautar barewa kwata-kwata. Aka fara rage dabbobin kiwo. Sannan aka yi abu na uku wanda a lokacin kowa gani yake shine hankali, wato a kashe duk abun da ke cin barewa. Aka ɗauki maharba aiki da karnuka da tarko da guba, sananne a cikinsu shine Jim Owens da ake cewa Uncle Jim, wanda yake tinƙahon shi kaɗai ya kashe zakunan dutse ɗaruruwa, wata babbar kyanwar daji ce mai kama da damisa amma ba zane a jikinta, har Roosevelt ɗin ya zo a 1913 bayan ya sauka mulki suka yi farautar zakin tare. Daga 1907 zuwa 1939 lissafin da aka fi ambata shine an kashe zakin dutse kusan 800, koyoti, wani abu ne tsakanin dila da kerkeci, sama da 7,000, muzurun daji sama da 500, ƴan kerketan da suka rage kuma waɗanda basu wuce 30 ba aka ƙarasa su.

Da farko abun kamar nasara. Barewar nan in ta ƙoshi tagwaye take haifa kusan duk shekara, to ka lissafa, ba maharbi ba zaki ba kerkeci, tumakin da suke gasar abinci dasu an kwashe. Masu yawon buɗe ido suna zuwa da yamma su ga ɗaruruwan bareyi a fili ɗaya suna kiwo, kowa na murna, musamman da aka buɗe gandun shaƙatawa na Grand Canyon a 1919. Amma tun wajen 1918 ma'aikatan hukumar gandun daji da ke zagaya wurin a kan doki suka fara rubuta rahoto cewa akwai matsala fa, su ba kan bareyi suke ƙirgawa ba, itatuwa suke kallo. Duk ganyen da barewa zata iya kaiwa in ta miƙe a kan ƙafafun baya an cinye shi, sai kaga daji kamar an bi da almakashi an daidaita ƙasan itatuwan a layi ɗaya, sabon tsiro kuwa da ya leƙo an tsinke. Kilifroz ɗin da shine tuwon su na lokacin sanyi ya fara mutuwa a tsaye saboda an ci shi an sake ci ba hutu.

Wanda ya taɓa ganin abun da awaki ke yiwa ƙananan itatuwa a ƙarshen rani ya san hoton. Bambancin kawai akuya tana da mai ita, zai iya sayarwa ko ya yanka ko ya nemo mata harawa.

A 1924 sakataren noma, wato ministan noma na gwamnatin tarayya, Henry Wallace ya tura kwamiti ya je ya gani da ido. Suka je da rani suka ga halin da ake ciki, suka ce a rage garken da kamar rabi, ta kamawa a kai wani wuri, ta buɗe farauta, in duk bai isa ba maharban gwamnati su harbe. Ko a cikin waɗanda suka zagaya ɗin ba'a daidaita kan adadi ba, ma'aikatan gandun daji suna cewa wajen 30,000, wasu suna cewa 50,000, wani ya ce 100,000, kuma wannan na ƙarshen ne ya shiga littattafan makaranta, zamu dawo kansa.

Daga nan siyasa ta shigo. Stephen Mather shugaban hukumar gandunan shaƙatawa ya ƙi yarda a harbi bareyin, shi a wurinsa su ne abun da baƙi ke zuwa kallo. Masu son dabbobi a biranen gabas suna rubuce-rubuce cewa kisan gilla za'ayi. Ita kuma jihar Arizona ƙarƙashin gwamna George Hunt tace namun daji na jiha ne ba na tarayya ba, da hukumar gandun daji ta bada izinin farauta a ƙarshen 1924 sai jami'an jiha suka kama wasu daga cikin maharban da suka fito da nama. A wannan kakar bareyi 675 kacal aka harba, abun da bai kai ko kusa da yawan ƴaƴan da aka haifa a shekarar ba. An gwada kama jariran bareyi a raine su da madarar shanu a kai wasu wurare, da yawa suka mutu a hannu, kuɗi ya tafi garken bai ko girgiza ba. Sai korar McCormick ɗin can da muka fara da ita.

Ana wannan ja-in-jar sanyi ya zo ya yanke hukunci. A sanyin 1924 zuwa 1925 da wanda ya biyo baya bareyi suka mutu ba adadi, ƙananan su ne suka fara tafiya don basu da tsawon da zasu kai ganyen da ya rage, sai tsofaffi. A lissafin masu cewa 100,000 ɗin, wajen 60,000 ne yunwa ta kashe cikin sanyi biyu. Shari'ar tarayya da jiha kuwa sai a 1928 kotun ƙoli ta raba gardama, tace gwamnatin tarayya nada ikon rage bareyin don kare dajinta ko da dokar jiha bata so ba. Ihu bayan hari kenan. Maharban gwamnati suka harbe sama da 1,000 a ƙarshen shekarar, aka faɗaɗa farauta har a 1930 maharba suka fitar da sama da 5,000, amma garken yaci gaba da raguwa har ana kiyasta 10,000 a 1939. Wannan shine abun da ya fi bani takaici a labarin gaba ɗaya, ƙasar da ake ganin da zata iya riƙe 30,000 cikin ƙoshin lafiya ta koma bata iya riƙe rabin haka, saboda ba bareyi kaɗai suka mutu ba, itatuwan da ke ciyar dasu ma sun mutu, kuma barewa cikin shekara biyu ta girma ta haihu amma ɗan itacen busasshiyar ƙasa shekaru yake ɗauka kafin ya dawo. Gyaran gangar auzinawa sak.

Yanzu batun 100,000. Wani mai bincike Irvin Rasmussen ne ya fitar da alƙaluman a 1941, sai Aldo Leopold, wanda ake ɗauka uban ilimin kula da namun daji a Amurka, ya zana su a 1943 a matsayin layi mai hawa tsaye ya faɗo tsaye. Darasin da aka riƙa koyawa ɗalibai shekara da shekaru mai sauƙi ne, ka kashe zaki barewa tayi yawa ta mutu, shikenan. A 1970 Graeme Caughley ɗan ƙasar Niyu Zilan ya bi diddigin alƙaluman yace ku tsaya, ai ba wanda ya ƙirga bareyin nan, kiyasin masu wucewa ne aka ɗauki mafi girma aka zana, ma'aikatan da ke zaune a wurin basu taɓa cewa 100,000 ba. Yace kuma an manta da tumaki da shanun da aka kwashe, da gobarar daji da aka daina bari ta ci, waɗannan duk sun canza irin tsiron da ke wurin. Kiwo mai tsanani yana kashe ciyawa ya bar ƙananan itatuwa su yaɗu, su kuma sune abincin barewa, to da aka kwashe tumakin kamar an shimfiɗa musu tabarma ne an ajiye akushi. Bayan maganar Caughley littattafai da yawa suka cire labarin Kaibab gaba ɗaya.

Sai a 2006 Dan Binkley da abokan aikinsa suka bi ta wata hanya da ni dai ta burge ni, tunda bareyin sun mutu ba'a iya ƙirga su, suka je suka tambayi itatuwa. Akwai itacen aspen mai farin jiki da barewa ke son tohonsa sosai, kuma ana gane shekarun itace ta zoben da ke cikin gangar jikinsa. Suka auna shekarun aspen a faɗin tudun suka tarar da gibi, waɗanda ya kamata ace sun tsiro a shekarun 1920 kusan babu su, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na abun da ake zato. Wato wani abu ya cinye su tun suna tsiro. Don haka bareyin sun yi yawa na gaske ba tatsuniya bace, ko da adadin bai kai yadda aka zana ba. A ganina su duka biyun kowa ya kama wani gefe na gaskiya, kashe zakuna ya cire birki, sauyin ƙasar ya taka totur, hana farauta kuma ya ɗaure hannun direba.

Kuma tsugune bata ƙare ba, don a farkon shekarun 1950 garken ya sake cika, aka sake yin asara mai yawa a sanyin 1954 zuwa 1955, aspen ɗin ma sun nuna wani gibin a daidai wannan lokacin. Abun da ke jawo haka a wurare da yawa shine maharbi namiji mai ƙaho yake so, kuma mutane suna ganin harbin mace abun kunya ne ko ɓarna. To amma namiji ɗaya yana iya bin mata da yawa, ko ka kwashe rabin mazan haihuwa bata raguwa. In ana son garke ya tsaya daidai da abincin da ke ƙasa dole a taɓa matan, wannan maganar har gobe rigima ce tsakanin maharba da jami'an namun daji a jihohi da yawa na Amurka.

To yau ya ake yi? Kaibab na cikin wuraren da maharbin barewa a Amurka ke mafarkin zuwa saboda manyan maza masu faffaɗan ƙaho. Ba wai ka ɗauki bindiga ka shiga bane, hukumar namun daji ta Arizona ta raba jihar shiyya-shiyya, tudun yana shiyya ta 12A, kuma takardar izinin farauta da bindiga ta ƙuri'a ake samu. Ka nema baka ci ba sai a ƙara maka maki, akwai masu tara maki sama da shekara goma suna jiran farautar ƙarshen Nuwamba, saboda lokacin ne bareyin suka gangaro ƙasa kuma mazan sun shiga neman mata, tsohon namijin da duk shekara baya bari a ganshi sai kaga ya fito fili da rana kamar wanda aka yiwa asiri. Masu kwari da baka su suke fara shiga tun ƙarshen Agusta lokacin bareyin na sama, masu bindiga na farko kuma wajen ƙarshen Oktoba. Farautar ma ba irin ta kora da karnuka da ihu bace, mutum zai tashi tun asuba cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a jarka ya hau wani tsauni ya zauna da madubin hangen nesa awa uku huɗu yana duba gindin kowane itace, in ya hango sai ya fara lallaɓawa yana lura da inda iska ke kaɗawa don hancin barewa ya fi idonta. Takarda ɗaya barewa ɗaya, kuma da yawa haka suke gama kwanakinsu su koma gida hannu rabbana saboda suna jiran babba sun ƙyale ƙanana.

Aikin gyaran ƙasar kuwa yawancinsa a wurin zaman sanyin nan yake. A 1996 gobarar da ake kira Bridger Knoll ta cinye sama da eka 50,000 a gefen yamma, daidai inda bareyin ke fakewa, abun da ya biyo baya kuma shine wata baƙuwar ciyawa da suke kira citgiras, tana riga kowa tsirowa ta shanye damshi, ta bushe da wuri ta zama makamashin wata gobarar, kilifroz da sejburosh su kasa dawowa. Sai aka shiga fesa mata magani ana shuka irin itatuwan asali, wani wurin a sassare junifa da suka yi cunkoso don rana ta kai ƙasa. Ga batun ruwa, dutsen tudun irin mai shanye ruwa ne, duk da dusar ƙanƙarar da ke zuba ba koguna a sama, don haka ake gina matattarar ruwan sama da rufin kwano da tanki da ɗan kwami don namun daji su sha su bazu maimakon su taru wuri ɗaya su aske shi. Kuɗin irin wannan aiki da yawansa daga aljihun maharba yake fitowa, kuɗin lasisi da kuma harajin kashi 11 cikin ɗari da ake karɓa kan bindigogin farauta da harsashi, wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware kuɗinsa don kula da namun daji. Wuraren shan ruwan ma sun jawo nasu rikicin, mutane suka riƙa ɗaura kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu a jikin itatuwa, kwami ɗaya kyamara barkatai, kowa na leƙen wane namiji ne ke zuwa da ƙarfe nawa, har Arizona ta haramta amfani dasu don farauta daga farkon 2022.

Akwai kuma wani abu da ba wanda ya hango. A Disamba 1996 aka saki wasu manyan ungulaye da ake kira kondo a duwatsun Vermilion da ke gabas da tudun, tsuntsun da faɗin fukafukansa ya kusa mita 3 kuma ya kusa ƙarewa a duniya. Maharbi in ya harbi barewa yakan farke ta a wurin ya bar kayan ciki, harsashin dalma kuma in ya shiga jiki tarwatsewa yake ƙanana-ƙanana, ungulun ta sauko ta ci dalma ta shiga jininta. Tun 2005 hukumar namun daji ta Arizona take baiwa waɗanda suka ci ƙuri'ar Kaibab harsashin jan ƙarfe kyauta, wanda kuma ya dage sai dalma ana roƙonsa ya kwaso kayan cikin a leda ya fito dasu, ba tilas aka yi ba amma mafi yawan maharban suna bi.

In ka fito da namanka akwai tashar bincike a Jacob Lake, ɗan ƙauyen da ke mahaɗar hanya a saman tudun, an daɗe ana tsayar da maharba a nan. Kai kana ta ɗokin a auna faɗin ƙahon a ɗauki hoto, su kuma jami'an ba'a nan gizo ke saƙar ba a wurinsu, haƙori suke dubawa su san shekaru, su duba kitsen jiki, su ɗora ƴan shekara ɗaya a sikeli. In nauyin ƴan shekara ɗayan nan ya fara sauka ƙahonsu ya fara zama tsinke ɗaya ba reshe, sun san abinci ya fara gazawa a can ƙasa tun kafin a fara tsintar gawa, sai a ƙara yawan takardun harbin mata a kakar da ke tafe.